Kuɗin Liƙi

Asabar na sauka Yalwa da buhun gyaɗa daga Dass.
Jikana Anas ya lalube aljihuna kafin gaisuwa.
Muka ci masa a Wunti, miya ta ɗiga a rigata.

Bayan isha'i, zauren jami'a.
Makaɗa talatin cikin baƙaƙen kaya,
wani siriri yana kaɗa sanda, bai daki komai ba.
Layi na biyu ga Kubura, goge ƙarƙashin haɓa,
yarinyar da ko tsintsiya ba ta iya riƙewa.

Na canjo sababbin ɗari bibbiyu don liƙi.
Ba wanda ya tashi.
Da suka numfasa na tafa, ni kaɗai.
Anas ya ɓoye fuska.

Lahadi a tasha,
na cusa kuɗin cikin jakar gogen.