Ɗigo Ɗaya a Kan Gilashi

Ƙarfe tara a Samaru, an ɗauke wuta,
sai na kai ma'aunin bakin taga.
Ɗigo ɗaya na fitsarin kare a kan gilashi,
na rufe murfin, na kanne ido
kamar mai duban jinjirin wata.

Layin ya tsaya a dubu ɗaya da goma.

Baba Jatau, maharbin Bomo,
yana tsugune a baranda, hula a gwiwa.
Ya ce, "Likita, ai fari ne tas kamar ruwan randa.
Ba lafiya ke nan ba?"

Ban ce komai ba tukuna.
Dakta Ladiyo ta sha faɗa mana a aji:
lamba ba ta rantsuwa ita kaɗai,
sai ta zo da shaidu.

Na koma kan Duna.
Na ja fatar wuyansa, na saki,
ta tsaya cak, ta ƙi kwanciya.
Dasashi ya bushe, yatsana na mannewa.
Idanu sun faɗa rami.

"Yana shan ruwa?"
"Kamar raƙumi. Jiya har kwatami ya lasa."
"An yi masa ƙarin ruwa? An ba shi magani?"
"Ko allura bai gani ba."

To, a nan gizo ke saƙa.
Idan ƙishi ya ci jiki, ƙoda rowa take yi,
ta riƙe ruwa gam, ta saki kaɗan,
jajir kamar shayin da aka manta a kan wuta.
Wannan kuwa tana rabon ruwa a shekarar fari.
Kwando ta koma.
Yadda jini ya miƙo mata, haka ta zubar,
ba ragi, ba ƙari.

Amma ɗigo ɗaya ba alƙali ba ne.
Zan ɗebi jini, in ji ta bakinsa.
Zan so fitsarin asuba,
kafin ya kai baki ga kasko.

Na miƙa wa tsohon kwalba mai jan murfi.
Ya juya ta a tafin hannu, ya daɗe.
Ya ce, "Shekara tara yana gabana a dawa.
Yau ni zan bi shi a baya da kwalba."

Ya yi dariya, gajeriya.
Duna ya kaɗa bindi sau ɗaya.

Na goge gilashin da auduga.
Akuyar wata mata daga Shika tana jira.