Makullin Ɗaki na Tara

A Wisbech, gidan tsofaffi, nake aikin dare.
Waltraud ta ɗaki na tara ba ta runtsawa
sai ta laluba makullinta,
baƙin ƙarfe, bai fi ɗan yatsa ba,
ɗaure da zaren ulu a ƙarƙashin matashi.

Na ce, na wace ƙofa ne?
Ta ce, ta Eschhagen.
Gida ashirin da bakwai, coci, maƙera, tafki,
dinya ta fi mutane yawa.
Kada ki wahalar da idonki a taswira, Tsahara,
garin yana nan, sunan ne ya yi hijira.

Tana da shekara tara aka ce su fita,
yaƙi ya ƙare, iyaka ta taso ta tsallake su
suna zaune a tsakar gida.
Uwarta ta share ɗaki, ta rufe tukunya,
ta murɗa agogon bango,
ta kulle ƙofa sau biyu
kamar mai zuwa cin kasuwa.

Ran wata Laraba sabuwar mai goge-goge ta shigo,
Bogumila, da bokiti da farin gashi kaɗan a goshi.
Ta tsaya gaban hoton da ke bango:
hasumiyar coci ta ɗan karkace,
da sheƙar wata tsuntsuwa a kai,
irin shamuwarmu, sai dai fara.
Ruwa na ɗiga daga tsumma, ba ta sani ba.
Ta ce, wannan ai Jesionkowo ne.
A nan aka yanke mini cibiya.

Ɗakin ya yi tsit, har firiji na ji yana numfashi.

Kakarta daga gabas aka kwaso su,
mako uku a taragon shanu,
da akuya, da keken ɗinki,
su ma iyaka ce ta cinye musu gona.
Aka nuna mata wata ƙofa aka ce, naki ne.
Ta tarar da cokula a jere, gado a gyare,
takalman wani yaro a bakin murhu.
Shekara goma sha ɗaya ba ta kwance ƙunshinta ba.
Rufi na yoyo, ta tara kwano.
Wa zai gyara ɗakin da masu shi ke tafe?

Duwatsun kabari kuwa, in ji Bogumila,
ta sunkuyar da kai,
wasu sun zama matakalar gidan niƙa.
Da tafin ƙafa muka fara karanta Jamusanci.

Waltraud ta daɗe tana kallon silin.
Ta ce, gida na uku bayan maƙera,
mai koren taga?

Ya faɗi tun ina goye.
Ƙofar ma an yi makamashi da ita wani hunturu.
Saura itacen tuffa.

Na zaci kuka zai biyo baya,
har na miƙa hannu ga hankici.
Sai tsohuwa ta ce, har yanzu da tsamin nan?
Bogumila ta ce, ko alade sai ya yi shawara.
Suka tuntsire da dariya,
ɗaya da haƙoran roba, ɗaya da hawaye,
cikin Turancin aro, wanda ba na kowa ba a cikinmu.

Na fita dafa shayi.
Ina jiran buta, na tuna garin kakana
da ke kwance ƙarƙashin ruwan madatsa,
inda masunta ke cewa in rani ya yi rani
kan kukar kasuwa yakan leƙo.
Mu ko makulli ba mu riƙo ba,
ƙofofinmu na asabari ne.

Da na dawo da kofi uku
makullin na tafin Bogumila,
tana juya shi, tana auna nauyinsa.
Ta mayar.
Waltraud ta tura shi ƙarƙashin matashi,
ta ce a rage mata fitila.