Jakin Barau

A Titin Beirut na saye shi, hannun Barau,
gwanjo, an kankare sunansa da reza,
ba kwali, ba takarda, sai tsatsa a gindi.
Barau ya dafa shi ya ce, "Wannan jaki ne, ba ya gajiya."
Bai yi ƙarya ba.
Abin da ya ɓoye mini, jakin ba ya amsa kira.

Na kai shi ɗakin gwajin jinin Hajiya Lantana a Gyaɗi-Gyaɗi,
inda kwamfuta ɗaya ke goye da sakamakon mutum dubu huɗu.
Daren Talata aka ɗauke wuta.
Akwatin batir ya riƙe, ya riƙe,
har numfashinsa ya ƙare,
ya faɗi ba sallama,
kwamfutar ta bi shi da magana a baki.
Da safe Sa'adu mai shigar da sunaye
ya tarar aikin yini guda ya bi ruwa.
Wata tsohuwa daga Kurna sai da aka sake huda mata hannu.

Manhajar sa ido tana da jerin akwatunan da ta sani,
dogo kamar layin mai.
Na bi shi daga sama har ƙasa.
Namu ba dangin iya, ba na baba.

Bayan Isha'i na zauna da shi, ni da shi,
sai Ɗan'azumi mai gadi da butar shayinsa.
Na jona masa waya mai haƙori tara a ƙeya,
na gaishe shi da yaren wani kamfani. Shiru.
Na sauya wani yaren. Shiru.
Ɗan'azumi ya ce, "Ko kurma ne?"
Na ce ko dai ni ne nake sauri.
Na rage gudun maganar,
kamar mai yi wa kaka bayani a kunne,
na aika harafi ɗaya, lamba ɗaya.

Sai ga layi a baƙin allo,
lambobi a ɗaure da juna kamar awaki ranar kasuwa.
Ya yi magana!
Amma me ya ce?

Na zare filogi daga bango,
lambar farko ta faɗi ƙasa warwas. To, ke ce wutar gari.
Na kunna fanka, ta tsakiya ta ɗaga kai. Ke ce kaya.
Wata kuma tana sauka a hankali,
sha uku, sha biyu da rabi, sha biyu,
kamar ruwan randa a gidan yawa.
Can a wutsiya wani sifili ya koma ɗaya
lokacin da ƙarfi ya kusa ƙarewa.
Nan ne yake kuka, ashe,
shekara nawa yana kuka ba mai ji.

A bayan rasit na rubuta ƙamus ɗinsa,
kalma bakwai kacal.
Na koya wa manhajar, layi bayan layi,
na yi kuskure sau biyar,
ladan ya kira Asuba ina kan na shida.

Ban jira gwaji ba, masu wuta sun yi mini.
Daren Alhamis, ƙarfe biyu saura,
waya ta yi ƙara a ƙarƙashin filona:
batir ya yi ƙasa.
Can a Gyaɗi-Gyaɗi, ba kowa a ɗakin,
kwamfutar na naɗe kayanta ɗaya bayan ɗaya
kamar ɗan Kantin Kwari da Magariba,
ta ja ƙofa, ta sa kwaɗo, ta kwanta.

Da safe Sa'adu bai ce komai ba,
don bai rasa komai ba.
Hajiya ta tambayi kuɗin aiki, ta rage mini dubu biyu.

Saura gurbi ɗaya a cikin jerin,
inda manhajar ke neman sunan akwati.
Na daɗe ina kallon wurin da reza ta bi.
Sannan na rubuta: Jakin Barau.