Gurbin Fakara a Lamingo

A gefen gonar accarmu, bayan Lamingo,
inda ƙyarana ta yi shinge, dutse ya ɗauki dutse a ka,
na kai lauje zan share ciyawa
sai ƙasa ta fashe da fiffike, firrr!
Na ja da baya, salati a bakina.

Fakara ce. Ta bar mini sirrinta a buɗe:
ɗan rami, bai fi tafin hannu ba,
busasshiyar ciyawa, gashin ƙirji biyu-uku,
ƙwai bakwai masu launin ƙasar da suke kai.
Ba rufi, ba ƙyaure, ba reshe.
Gidan ke nan.

Azi ya leƙo ta kan shinge:
"Iya Tanimu, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."
Na ce, "Je ka akurkinka, waɗannan ba naka ba."
Na kafa kara, na ɗaura masa jan tsumma,
na yanke kewaye, na bar mata tsibiri.

Ruwan Satumba ya sauko daga Shere kamar da gayya.
Ina ƙarƙashin buhu ina rawar ɗari,
ita ko gezau, ruwa na bin gadon bayanta,
ido ɗaya a kaina, ɗaya a sama.
Tunku ya gifta.
Karen Azi ya shinshina, ya wuce.

Wata Talata da hantsi na tarar da ɓawo kaɗai.
Na ce, an yi mana ɓarna.
Can sai acca ta motsa:
bakwai ne cif, jiya-jiya suna cikin ƙwai,
yau ga su suna gudu kamar masu bin bashi,
kowa da zanen da ƙasa ta ara masa.
Uwar ba ta sa wa kowa a baki ba.
Ta tona, ta yi ƙut-ƙut, ta matsa gaba.
Mai so ya tsinta.

Da inuwar shirwa ta faɗo, ta yi kira ɗaya,
suka zama tsakuwa.
Ina tsaye a kansu, ban ga ko ɗaya ba.

Ni kuwa shekara biyu na goyi Tanimu,
na tauna na ba shi, na hura masa kunu.
Yanzu gemu ya tsiro, yana son bin motar dankali,
daga Farar Gada har Fatakwal.
Sati uku ke nan jakarsa na ƙarƙashin gadona,
na danne ta da tukunya,
na ce masa ban gan ta ba.

Kada a ce tsuntsuwa ta yi mini wa'azi.
Na ƙirga su: ran Juma'a shida,
bayan an share acca, huɗu.
Na san abin da fili ke ci.

Amma da yamma, da sanyi ya sauka,
na ga huɗun sun dawo da ƙafarsu,
sun kutsa ƙarƙashin fiffikenta ba wanda ya ja su.

Daren nan na ɗaga tukunya.
Na sa masa rigar sanyi, da yaji a ƙullin leda,
na ajiye jakar a bakin ƙofa.
Ban ce tafi ba. Ban ce zauna ba.

Da asuba na ji ƙyaure.
Na tafi gona. Jan tsumman na nan a kan kara,
ramin ya cika da ruwa,
tururuwa na jan ragowar ɓawo.