Kunne a Ƙasa

Ni Barmo, ginin rijiya na gada.
Shekara arba'in ina sauka da igiya a ƙugu,
daga Daura zuwa Sandamu, har bakin Zango.
Kafin in sa diga sai na durƙusa,
in bugi ƙasa da ƙota, in kara kunne.
In ta amsa da tauri, dutse ne, mu matsa.
In ta yi nishi irin na tulun da ya rage rabi,
in ce wa mai gida: gaba goma sha biyu, tanadi guga.

Hurera na da shekara shida, ita ke riƙe mini buta.
Sai ta kwanta rub da ciki kusa da ni,
"Baba, me ta ce?"
Ashe tambayar nan za ta kai ta inda babu tudu.

Shekaranjiya ta dawo.
Kwana talatin da takwas a bisa teku.
Tana ratsa tsakar gida tana ware ƙafa,
wai har yanzu daɓen yana mata lilo.
Uwarta ta dama fura, ta kasa shan rabi.

Da la'asar ta jawo ƙwarya, ta cika da ruwa,
ta ɗora ɓawon gyaɗa: "Ga jirginmu."
Ta tsinko zare daga gefen zane:
"Ga igiyar da muke ja, cike da kunnuwa,
tsawonta ya kai daga nan zuwa tasha, a dawo, a koma.
Muna harba iska cikin ruwa, bum!
Ƙarar ta nutse, ta keta laka, ta taɓo dutse,
ta dawo tana ba da labari."
Na ce, "To, ai ƙota ce."
Ta ce, "Ƙota ce, Baba, sai dai tsada."

Su shida aka zaɓa, duk ƙuruciya,
a koya musu riƙon ragama:
wane layi za a bi, man da ya rage,
wa zai kwanta, wa zai tsaya, yaushe za a ja da hadari.
Rana ta goma sha bakwai jagoranci ya faɗo kanta.
Hantsi bai yi ba mai tsaro ya yi kira,
ga wata dabbar teku, ta fi rumbu uku,
ɗanta manne da haƙarƙarinta.
Ƙarar nan tana fasa musu kunne.
In an tsaya, aikin wuni ya bi ruwa,
kuɗin da zai gina rijiya ɗari.
Ta waiwayi tsohuwar farfesarsu.
Matar ta ci gaba da juya shayi,
ko ɗaga ido ba ta yi ba.

Hurera ta ce gwiwarta rawa take,
amma ta ɗauki oba-oba: "A kashe bindiga."

Na yi shiru.
Na tuna wata rijiya a hanyar Baure,
ranar da maigidana Ɗantsoho ya koma gindin marke
ya bar ni da yara uku a rami.
Fitila ta fara lumshe ido.
Saura kamu ɗaya mu taɓa danshi, na ce a ja mu.
Bai yaba ba, bai yi faɗa ba.
Goro ya ɓara, ya miƙo mini ɓari mafi girma.

Na tambaye ta, "Ita me ta ba ki?"
"Kofin shayin nan, Baba. Ya ma huce."

Bayan isha ta shimfiɗa takarda a tabarma,
layuka birjik kamar kunyoyin gona bayan ruwan farko.
Ban iya boko ba. Na dai bi da yatsa,
na ce nan tauri, nan taɓo,
nan kuwa ƙasa ta taɓa karyewa ta ɗinke.
Ta dube ni, ta dubi takarda.
Sai ta tashi, ta ɗauko ƙotar daga bayan rumbu,
ta kakkaɓe yanar gizo, ta miƙo mini,
ta riga ni kwanciya.