Tambaya Biyu

An ba ni kaye da biro, an ba ni tambaya biyu:
nawa kika haifa, nawa ke raye.
Na shiga Garin Malam da hantsi,
jarkoki sun yi layi a bakin famfon da bai kawo ba.

Inna Tasalla na tsince yakuwa a faifai.
Ta ce, ɗiyata, ba a awon ɗiya kamar tiyar hatsi.
Amma ta aje faifan.
Na farin ba ta kama sunansa ba,
ta dai lanƙwasa yatsa, ta dubi ƙasa.
Sai biyun da ƙyanda ta ɗauke a mako guda,
shekarar da aka ci dusa.
Sai Ajuji, da aka aje bisa juji don mutuwa ta raina ta,
ta kuwa raina ta, tana can Agadas tana tuwon saidawa.
Mata uku a jere, Tanko ya biyo.
Tagwaye, ɗayan bai kai suna ba.
Hannu ya ƙare,
Gambo ya faɗa kan yatsan ƙafa.

Sha ɗaya. Shida.
Na rubuta.
Kayena ba shi da gurbin ƙyanda.

Jikarta Sahura ta fito da jarka a kowane hannu,
katin likita a ƙulle a haɓar zane.
Biyu, ta ce, shekara huɗu tsakaninsu.
Na ukun fa? Ta ce, tukuna.
Tsohuwa ta ce bakin da Allah ya tsaga
ba ya hana shi abinci.
Haka ne Inna, in ji Sahura,
amma ni ke kwana a layin famfo,
ni malamin lakwal ke aiko wa takarda.
Suka yi dariya su biyu, ba wadda ta janye.

Na miƙe ke nan tsohuwa ta riƙe min gefen mayafi:
ke fa, mai rubuta na mutane?

Shekara tara da aure.
Na rufe kaye.
Ta zuba min yakuwa a leda, ba ta ƙara ba.

Can a Yamai za su tara, su raba,
su ce mace guda ɗiya kaza da ɗigo kaza.
Wa ta taɓa goya ɗigo?
Cikin lissafin akwai yatsan ƙafar Inna,
akwai tukuna ta Sahura,
akwai sifilina, zagayayye kamar bakin tulu,
da na zo da shi gida a bayan kabu-kabu
ta tsakanin duwatsun Birni.