Jirgin Tudu

Wata goma sha ɗaya na yi ina tara ta,
gaɓa bayan gaɓa, yadda aljihu ya yarda.
Akwatin ne ya fara isowa Yawuri,
baƙi, gefe ɗaya gilashi, ciki wayam,
har Luba ta ce in ba ta aro ta zuba 'yan tsakinta,
tunda ba shi da abin tsarewa.

Uwar allon ta zo a motar Zayyanu,
tsakanin buhun albasa da tsohuwar taya.
Na buɗe da bisimilla, sai ga gari sukutum:
titunan tagulla, lunguna, ƙananan rumbuna a tsaitsaye,
an gama gini, ba a tare ba,
ba hayaƙi, ba mai shigowa.

Katin hoton na hannu ne,
wani a Legas ya riga ya ci ƙuruciyarsa.
Buhu huɗu na shinkafata suka tafi a kansa,
Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa mini gaisuwa.

Daren haɗawa na shimfiɗa tabarma a zaure,
na taɓa ƙarfen ƙofa don wutar jikina ta sauka.
Furosesa bai kai akwatin ashana ba,
amma ya haɗiye kuɗin tumaki biyu.
Na kwantar da shi a gurbinsa ina riƙe numfashi,
na ɗiga masa man sanyaya,
ƙwayar shinkafa ɗaya tak, ba ƙarawa.

Baba na zaune a gefe.
Shekara arba'in ya yi yana haɗa jirage a bakin Kwara
kafin yana ta rufe masa ido.
Ya saurari ƙarar sukudireba, ya ce,
"Wannan jirgin naka, ina ruwansa?"
Na yi dariya, na ci gaba da ɗaurewa.

Na danna.
Fankoki uku suka tashi, fitilu suka yi shuɗi, suka yi ja,
allo kuwa baƙi ƙirin.
Na kashe, na kunna. Na kashe, na kunna.
Zufa ta gangaro mini har gwiwar hannu.
Ba abin da nake gani a gilashin sai fuskata,
da buhu huɗu a bayanta suna nutsewa.

"Cire wutar," in ji Baba, "kai hannuna ciki."
Yatsunsa suka bi garin lungu-lungu,
suka wuce waya, suka wuce fanka,
suka tsaya a kan ram.
"Wannan katakon bai zauna ba.
Tsoronsa kake ji.
Abin da aka haɗa da tsoro yoyo yake yi."
Ya ɗora babban yatsa, mai kanta kamar ƙaho,
ni ina cewa a hankali, a hankali,
shi yana dannawa.

Ƙas!

Allo ya buɗe ido.
Fararen baƙaƙe suka jeru,
tana kiran gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya da sunansu.
Luba ta rangaɗa guɗa daga bayan labule,
ba ta sauke ba nefa ta ɗauke.
Muka zauna a duhu mu uku,
fankoki na ƙarasa juyawa.

Kusa ɗaya ta yi saura a tabarma.
Baba ya lalubo ta, ya jefa a aljihu,
ya ce ba jirgin da ya taɓa gamawa
ba tare da wata ta rage ba.

Na tara ta ne don zanen gidajen mutane,
amma aikin farko da ta yi ba gida ba ne.
Da hantsi, batirin sola ya cika,
ya jawo kujera kusa da ni,
yana faɗa da kamu da taki, ina mayarwa lamba:
"Ƙara wa goshin tsawo. A'a, ka cika faɗin ciki."
Ban san yadda yake gani ba.
Kafin azahar ga shi a allo yana juyi a hankali,
jirgin da ya haɗa shekarar da aka haife ni,
a bushe, ba ko ɗigon ruwa.